Jakin Aro

Daga Gadarif na taso,
ba ni da taswira sai bakin kakana.
Ya ce, "In ka wuce Gumel ka nausa gabas,
ka nemi rijiya mai murfin giginya,
kuka biyu a kanta, ɗaya ta karkace."
Shi Gwadabe Makka ya nufa a ƙafa,
gonar riɗi ta tare shi a hanya,
sai aure, sai 'ya'ya, sai mu.

Mai babur ya sauke ni ana kiran la'asar.
Kuka ɗaya ce ta rage, karkatacciyar.
An cike rijiyar, an kafa tuƙa-tuƙa,
yara na ta lilo da hannunta.

Na yi sallama, aka tuntsire da dariya.
Wai Hausata ta tsufa,
irin ta mutanen da ke kwance a bayan gari,
ga Larabci ya kama ta kamar tsatsa.
Bulama ya sa aka shimfiɗa min tabarma,
kwana uku ana ba ni fura ana auna ni da ido.
Da dare na jiyo su ta cikin danga:
"Baƙon da ya zo da sunan matacce,
ba zumunci ya kawo ba, gona yake so."

Ran na huɗu aka kai ni gun Iya Tabawa.
Idonta ya daɗe da tafiya, hannunta ke gani.
Ta shafa goshina, ta wuce.
Ta shafa hancina, ba ta ce komai ba.
Da ta kai kunne sai ta tsaya:
"Wannan faifan na gidanmu ne.
Ina 'yar shida ya ɗora ni a jaki,
har bakin fadama, ya sauke ni,
ya ce zai kawo min dabino."
Na kwance ƙunshin da na zo da shi.
Ba ta da haƙori ko ɗaya.
Aka jiƙa mata uku a madara.

Ta tsotsa, ta tsotsa, sannan ta ce,
"To, ina jakin?
Na Jatau ne fa, aro ya ba shi."

Mako biyu na ɗiba wa tafiyar.
Shuka ta same ni, na ce bari in ga tsiro.
Noman fari ya fasa min tafin hannu,
aka daina ce min Basudane,
aka koma ce min Na-Gwadabe, mai karkataccen layi.
Matata ta bugo tana tambaya,
ko an ba ni wata ce a can?
Na ce an ba ni dai bashi,
kuma ya girme ni da shekara talatin.

Ranar Alhamis na je Maigatari,
na yi ciniki har rana ta karya,
na jawo aura, mai taurin kai kamar danginmu.
Ɗanjummai, jikan Jatau, ya fito yana goge baki,
ya dubi jakin, ya dubi babur ɗinsa:
"Yanzu ni ina zan kai wannan?"
Amma ya karɓi igiyar da hannu biyu,
kuma bai yi dariya ba.

Bayan an yi girbi na ɗaure jakata.
Daddawa, kuka, irin gero a ƙafar safa.
Iya ta ce in gaishe da kabarin,
in ce dabinon ya iso, amma ya yi tauri.

A bakin kukar Ɗanjummai ya tare ni,
ya cire malafarsa ya kifa min a ka.
Na fara godiya, ya ɗaga hannu:
"Ba kyauta ba ce.
Aro ne."